Wa zai buɗe wa ɗan shekara 19 ƙofa?

Daga Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, ranar da Amurkawa ke bikin Thanksgiving, har ƙarshen Disamba, hannun mutanen ƙasar nan a buɗe yake, kuma ya kamata mu da ke zaune a cikinsu mu yaba musu. A ƙofar manyan kantuna za ka tarar da 'yan ƙungiyar agaji ta Salvation Army da jan bokitinsu na tara gudummawa suna kaɗa ƙararrawa, al'adar da ta faro a San Francisco tun 1891. Shirin Toys for Tots yana tara wa yara kayan wasa tun 1947. Daga 2012 kuma aka ƙaro Giving Tuesday, Talatar da kowace ƙungiyar agaji ke miƙa ƙoƙon bararta ta intanet. Wani don Allah yake bayarwa, wani don ya samu ragin haraji kafin shekara ta ƙare, amma dai kuɗin yana shiga.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda alherin yake tsayawa. Kowa yana son saya wa 'yar shekara biyar 'yar tsana. Saurayin da ya kai 19, wanda ya tashi a hannun hukuma kuma hukumar ta sallame shi, da wuya a tuna da shi.

Ga yadda abin yake, don 'yan'uwa na gida su gane. Idan iyaye suka gaza, ko saboda shaye-shaye, ko duka, ko sakaci, ko zaman kurkuku, kotu takan karɓe yaro, hukumar jiha ta kai shi wani gida riƙo tana biyan kuɗin ɗawainiyarsa. A kowane lokaci akwai yara sama da 300,000 a wannan hali. Wasu sukan koma wa iyayensu, wasu wani gida ya ɗauke su dindindin. Amma duk shekara kimanin 20,000 sukan kai shekarun sallama ba su samu ko ɗaya ba. Da yawansu an yi ta yawo da su daga wannan gida zuwa wancan, kayansu a cikin baƙar ledar shara. Da, yaro na cika 18 ake rufe fayil ɗinsa. Wata dokar tarayya ta 2008 ta ba jihohi damar tsawaita tallafin zuwa 21, kuma Illinois inda nake tana cikin masu yin hakan. Shekara uku aka ƙara, amma ranar sallama tana nan tana jira.

Cibiyar Chapin Hall ta Jami'ar Chicago ta bi sawun irin waɗannan matasa daga jihohin Illinois da Iowa da Wisconsin shekara da shekaru. Ta gano cewa kafin su kai 26, kusan ɗaya cikin uku ya taɓa rasa wurin kwana. Ba lalaci ne ya jawo ba. A nan mai gida ba ya ba ka haya sai ya duba tarihin biyan bashinka, ka ajiye kuɗin kafin alƙalami, wani lokaci kuma ka kawo wanda zai tsaya maka. Ɗan da ke da uba, uban zai sa hannu. Wannan wa zai kawo? Sai ya kwana a kujerar falon aboki yau, gobe a cikin mota, jibi a jirgin ƙasan cikin garin Chicago na layin Red Line ko Blue Line da ke aiki dare da rana, yana kai da kawo har gari ya waye. Sanyin Chicago kuwa ba irin hunturun Kano ba ne da bargo da ɗumin gawayi ke magani. A ƙarshen Janairun 2019 awon ya sauka zuwa kusan digiri 30 ƙasa da sifili.

Wanda ya fi sosa mini rai shi ne ɗalibin da ya daure ya shiga jami'a. Hutun Disamba na zuwa, makarantu da yawa sukan rufe ɗakunan kwana na makonni. Abokansa suna ɗaure kaya za su gida, shi kuwa yana lissafin inda zai sa haƙarƙarinsa.

Mu Hausawa idan muka ji wannan mukan girgiza kai mu ce a wurinmu ɗa na kowa ne. Akwai gaskiya a ciki. Goggo ko kawu ya ɗauki ɗan riƙo, babu takarda, babu albashi daga gwamnati, kuma babu ranar da za a ce ya tattara ya fita. Ita ce za ta yi wa 'yar riƙonta kayan ɗaki, shi ne zai nema wa yaron aure. Ko bayan shekara talatin, ranar Sallah nan zai zo gaisuwa, a zuba masa tuwo ba tare da an tambaye shi me ya kawo shi ba. Wannan shi ne ainihin abin da matasan nan na Amurka suka rasa, kuma babu ƙungiyar da ke iya naɗe shi a takardar kyauta.

Sai dai kada mu yi saurin bugun ƙirji. Mun san 'yar riƙon da aka mayar baiwa, ita ce wanke-wanke, ita ce talla, 'ya'yan gida suna makaranta. Mun san almajirin da aka kai birni yana ɗan shekara shida, ya girma ba wanda ya zo duba shi. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun loda almajirai a motoci kowa yana mayar wa jihar da ya ce tasu ce. Kuma sadakarmu ma ta lokaci ce: da azumi a yi ta rabon abinci, a ɗinka wa marayu kayan Sallah, a ɗauki hoto a sa a Facebook, watan Shawwal na kamawa a watse. Gardin da ya yi gemu, ba sana'a ba takardar makaranta, wa ke ɗinka masa? Amurkawa aƙalla sun ƙirga nasu, sun san inda suke faɗuwa, har sun ba su inshorar lafiya ta Medicaid zuwa shekara 26. Mu ko ƙidayar kirki ba mu yi ba.

Don haka kirana ga 'yan'uwa da ke nan, a Chicago ne ko New York ko Houston. Ku ba da kuɗi ga masu wannan aiki, irin su Covenant House da ke tsugunar da matasa tun 1972, ko Night Ministry a nan garinmu Chicago. Idan za ku sayi kaya, ku tambaye su abin da manyan ke buƙata. Galibi katin sayayya ne, katin shiga mota, takalmin ƙanƙara, rigar sanyi mai kauri, cajar waya, da tufafin zuwa neman aiki. Amma kada a tsaya nan, domin abin da muka taso da shi ya fi wannan. Zumunta a ƙafa take. Ƙungiyoyin nan kullum suna neman manya da za su riƙe matashi ɗaya: su kira shi, su koya masa tuƙi, su raka shi wurin mai gidan haya, su ajiye masa kujera ranar biki. Za a binciki tarihinka, a ba ka horo, kuma hakan daidai ne, domin yaran nan an sha cin amanarsu.

Ga kwamitocin masallatanmu kuma, akwai yaran Musulmi a hannun hukuma, gidajen Musulmi masu lasisin riƙo kuwa sun yi kaɗan. Wasu suna ja da baya don suna ganin addini ya hana, alhali abin da aka hana shi ne canza wa yaro nasabarsa. Riƙon maraya kuwa Annabi (SAW) ya yi wa mai yinsa albishir da maƙwabtaka da shi a Aljanna. Liman ya yi huɗuba a kan wannan, a gayyato jami'in hukumar jiha ya bayyana yadda ake neman lasisi, a ware wani kaso na asusun masallaci don biya wa matashi kuɗin kafin alƙalamin haya. A sa taron a watan Fabrairu, lokacin da an kwashe jajayen bokitai daga ƙofar kantuna, gudummawa ta ja baya, sanyi kuma bai tafi ba.