Tiyatar kansar dubura: tun daga gida matsalar take farowa

Mu nan Garwa da Marwa in aka yi wa mutum aiki ya rikice, magana ɗaya ce, dokta ne bai iya ba. Ni dai ban yarda a tattara laifin duka a kan mai wuƙa ba, musamman a kansar ƙarshen hanji, wadda take dab da dubura.

Abin da likitoci suka fi tsoro bayan an yanke wurin an haɗa hanji shi ne ɗinkin ya saki, bayan gida ya riƙa tsiyaya cikin ciki. Wajen mutum 1 cikin 10 hakan na samu in ɗinkin yana can ƙasa, ko a manyan asibitocin Faransa ne kuwa. Maza sun fi shiga haɗarin saboda ƙugunsu a matse yake, wurin aikin ba fili, haka kuma in ciwon ya sauko kusa da bakin dubura sosai ko an riga an gasa wurin da hasken na'urar kashe kansa kafin aikin. Waɗannan ba mu da yadda za mu yi da su.

Toh amma sauran fa? Mutum ya ga jini a bayan gida ya ce basir ne, ya shekara yana shan jiƙo da sassaƙe, jini na ta zuba har ya ƙare masa, ya rame ya koma ƙashi da fata, sai ranar da hanji ya toshe gaba ɗaya a kwaso shi da dare a ce dokta ya yi ƙoƙari. Aikin gaggawa ya fi kowane haɗari, kuma naman da bai samu abinci da jini ba baya kama ɗinki, kamar tsohon zane ne, kana ɗinkewa yana yagewa. Ga taba, wadda ke hana jini isa wurin tana kuma jawo ciwon huhu bayan aiki, ko sati 4 aka bari kafin a shiga ɗakin tiyata akwai bambanci. Ga suga da ba a saita ba, shi ke sa miki ya yi ruwa. Ga ƙwayoyin ƙiba irin su dexamethasone da ake saye a tebur a kasuwa, dan Allah duk mai sha ya faɗa wa likita, ɓoyewar ce ke kashewa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne rigimar jaka. Dokta zai ce a fitar da hanji ta gefen ciki na ɗan lokaci, bayan gida ya riƙa zuba cikin jaka, don ɗinkin ƙasa ya huta, dangi su ce Allah ya kiyaye, da wane ido zai shiga masallaci. Alhali jakar nan ita ke sa ko ɗinkin ya saki abin bai kai ga rasa rai ba, kuma ga da yawa ana mayar da hanjin bayan wata 2 ko 3. Maganar alwala kuwa malamanmu na Malikiyya suna da sauƙi ga mai lalurar da ba ta yankewa, a je a tambaye su mana.

Sannan a daina saurin kwasar majinyaci zuwa ƙauye don kuɗin gado. Na san sefa ba ta nan, balle wanda ya hau jirgin ƙasa daga Ngaundere har Yawunde neman magani, amma yoyon ɗinkin nan yawanci a cikin satin farko yake bayyana, wani lokacin ma bayan an sallami mutum. Zazzaɓi, zuciya na bugawa da sauri, ciki ya kumbura yana ciwo, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, wannan komawa asibiti ne a ranar, ba a jiran gari ya waye.