A auna jariri, a kuma tambayi uwarsa

Ranar rigakafi ana ɗora jariri a sikeli, a duba cibiyarsa, a rubuta nauyinsa a kati. Uwar da ta ɗauko shi tana tsaye a gefe, idanunta sun zurma, ta yi kwanaki ba ta runtsa ba ko da yaron ya yi barci. Tambaya ɗaya ake yi mata: "Yana kama nono?"

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa kashi 20. Ke nan cikin masu jego biyar da ke zaune a kan benci, ɗaya na iya kasancewa cikin wannan hali.

Kuka da saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da yawancin mata ke yi, kuma yakan wuce cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka shi ne abin tsoro: mace ta daina jin daɗin komai, ta riƙa ganin ta gaza a matsayin uwa, ta rungumi ɗanta amma zuciyarta wayam. Haɗarin ya fi yawa ga wadda ta taɓa yin ciwon a baya, da wadda mijinta ke dukanta, da wadda talauci ya yi wa katutu ko ta rasa mataimaki.

Abin da ya fi damuna shi ne gano ciwon ba shi da wuya. Tun 1987 aka samar da ma'aunin Edinbara, tambayoyi 10 kacal kan yadda mace ta ji a kwanaki 7 da suka wuce, ta ƙarshe kan ko ta yi tunanin cutar da kanta. Mintuna biyar sun isa. A ganina ya kamata ya zama dole a duk wurin da ake yi wa jarirai allura, domin nan ne uwa ke zuwa ko da ba ta zo don kanta ba.

Sai dai tambaya kaɗai ba ta warkarwa. Idan makin mace ya yi sama, dole a samu ma'aikacin da zai zauna da ita a ranar, ya haɗa ta da mai ba da shawara ko likita, domin akwai magungunan da mai shayarwa za ta iya sha.