Ɗakin Lincoln da tubalin gidanmu

Satin da ya wuce 'yata ta dawo daga makaranta da takarda, wai malamarsu ta ce kowa ya gina ɗan ƙaramin ɗakin gungume irin wanda aka haifi Abraham Lincoln, tsohon shugaban Amurka, a ciki. Aji uku take. Nan Amurka in Fabrairu ta kama sai ka ji sunansa ko'ina, don ranar 12 ga watan aka haife shi a 1809 can Kentucky, mu kuma da muke Indiana abin ya fi zafi tunda nan ya girma, iyayensa sun ƙauro da shi a 1816 yana ɗan shekara bakwai.

Muka tsinto ƙirare a bayan gida, muka baje kan tebur da gam da kwali. Da farko jera su kawai ta yi ta manna, bango ya ƙi tsayuwa, da ta saki sai kusurwa ta zame. Ashe mutanen wancan lokaci ba da ƙusa suke haɗawa ba, tsada gare ta, gatari suke sawa su sassaƙa gurbi a ƙarshen kowane gungume, na sama ya hau na ƙasa ya cije. Na ɗauko reza na yi mata gurbin, bango ya tsaya cak. Can ta kanga ido a jikin bangon ta ce, "Abba, ai iska za ta shiga ta nan, ba su mutu da sanyi ba?" A lokacin ƙanƙara ce fari fat a waje. Nan ta gane da kanta dalilin da ya sa suke cusa laka tsakanin gungumen, ta kuma gane me ake nufi in an ce ɗaki ɗaya ne, ƙasa ba siminti, taga ɗaya, murhu ɗaya, iyali duk a ciki. Wallahi ko sau goma ta karanta a littafi ba zai shige ta haka ba.

Abin ya tsaya min a rai, don na tuna firamarenmu a Kano. Mu ma muna da darasin aikin hannu, amma me ake yi? A ce ka kawo tsintsiya ko mafici, rabinmu kasuwa muke zuwa mu sayo, a ba mu maki, shikenan. Alhali mu ne fa in an tashi muke zama mu fere kara mu ƙera mota har da tayoyi masu juyawa, in ruwa ya ɗauke mu kwaɓa laka mu gina ɗaki. Hannun na nan, basirar na nan, ba wanda ya taɓa haɗa mana su da tarihi. Kullum sai mun wuce ganuwa amma ban taɓa jin sunan Sarki Gijimasu da ya fara ta shekara wajen 900 da suka wuce ba sai da na girma. Kuma a shekarun 1830, lokacin da Lincoln yake saurayi a Illinois, Babban Gwani Muhammadu Durugu yana can Zariya yana ɗaure bakan gizon masallacin Juma'a da azara da ƙasa. Gini ne da ɗakin gungume bai kama ƙafarsa ba, amma yaranmu nawa aka taɓa sa su gwada irinsa?

Ba wai na nan ɗin ba su da giɓi ba ne, takardar ko kalma ɗaya ba ta faɗa ba kan 'yan asalin ƙasar irin su Miami da Shawnee da aka karɓe wa dazuzzukan, ni na ƙara mata wannan. Amma dabarar kam na yaba, kuma ba kuɗi take ci ba. Malamin aji uku a Kano ko Damagaram ƙasa ce kawai zai sa a ɗebo, a kwaɓa da ciyawa, yara su mulmula tubali su shanya, su ta da zaure har da zankwaye, in da hali a kai su Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, su ga na gaske.

Da muka gama ta tambaye ni, "To Abba, shi kakanka a wane irin ɗaki aka haife shi?" Jiya na sayo yumɓu a kanti, mun mulmula tubali talatin ƙanana kamar ƙwan zabo, suna jere a kan hita suna bushewa tunda ba rana. Asabar za mu ɗora bango.