Kafin a sayi baho, a tambayi inda ruwa zai bi

Makon jiya Yayana ya turo min zanen banɗakin ɗakinsa da yake son fasawa ya sake a gidansa na Kano. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne ƙaton baho a kusurwa, ya cinye kusan rabin wurin. Na kira shi na ce, "Yaya, wa zai riƙa shiga wannan?" Ya ce shi ake yayi, kuma ai mu ma a nan da shi muke wanka.

Gaskiyarsa, gidajen nan suna da shi. Amma akwai dalili. Shekarata tara a Manchesta ta ƙasar Ingila, cikin irin gidajen jan bulo na jere da aka gina wa ma'aikatan masaƙu a ƙarni na 19. Yawancinsu ba a gina su da banɗaki a ciki ba, masai yana can waje ta baya. Daga baya ne aka yanki ɗaki a sama aka mayar da shi wurin wanka, kuma daɓen benen katako ne. Shi ya sa Bature yake tattara ruwansa cikin baho mai tsawon mita 1.7, ya bar ƙasa a bushe. A wasu tsofaffin gidaje har kafet za ka tarar a banɗaki.

Da Hajiyarmu ta zo mana ziyara, ta yi alwalarta da buta yadda ta saba tun tana yarinya. Kwana uku silin kicin ya fara ɗiga. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ni kuma abin ya dame ni, don ba laifinta ba ne. Ɗakin ne ba a yi shi don mai salla biyar ba.

Da muka tashi gyara, mai aikin famfo bai tambaye ni launin tayil ba. Bututun masai ya fara nema, mai faɗin milimita 110, ya ce a kusa da shi kujerar za ta zauna, domin matsar da ita nesa sai an taɓa katakon da ke riƙe da bene. Na ce ni ma ina da sharaɗi, kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Daga nan alƙibla tana kudu maso gabas ne. Malaman Malikiyya sun sauƙaƙa idan cikin gini ne, amma tunda ana kan zane, juyawar ba ta ci mana komai ba. Ƙaramin tiyon tsarki kuwa, dokar ruwa ta Ingila ta 1999 ta hana a jona shi kai tsaye da bututun ruwan sha sai da abin da zai hana ƙazanta komawa ciki. Muka bar wa buta aikinta.

Abin da ya fi cin kuɗi shi ne ƙasa. Aka cire baho, aka shafe daɓen da bango da abin hana ruwa ratsawa, aka yi gangare zuwa magudana. Wato na biya da tsada don in sami abin da birkila a Kano yake yi da siminti ba sai an gaya masa ba. Wannan ne ya sa zanen Yaya ya tsaya min a rai. Yana da daɓen da za a kwarara wa ruwa safe da yamma, yana shirin cushe shi da abin da cikarsa sai an juye fiye da jarka uku ta 'yan garuwa. Na ga irin wannan baho a gidajen 'yan'uwa, ƙarshensa ajiye bokitai.

Idan koyi za a yi da mutanen nan, ga inda suka fi mu. Ba sa yarda da soket kusa da wurin wanka, fitila ma da igiya ake jan ta daga sama ko a kunna daga waje. Mu kuwa makunnin hita yana nan inda jiƙaƙƙen hannu zai kai. Sabon banɗaki a Ingila dole ne a sa masa fankar da ke fitar da iska lita 15 a daƙiƙa, mu sai ɗan tagar da ko kai ba ya shiga, bango ya yi ta funfuna da damina. Sai tayil mai sheƙi da muke so a ƙasa, wanda tsoho ke tsoron takawa.

Na mayar masa da zanen da gyarana. Masai yana jikin bangon da ya fi kusa da sokawe. Inda bahon yake na sa shawa, da famfo ƙasa-ƙasa daidai tsayin bokiti, da ɗan dakalin zama don wanke ƙafa, da ƙarfen riƙewa saboda Hajiya. Ya ce zai nuna wa Anti tukuna, ranar Asabar kuma birkila zai zo su auna gangaren.