Awo kaɗai bai isa ba

Wani labari da na gani ya ce mata masu ciki su riƙa zuwa awo. Gaskiya ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2016 ta ce sau takwas ya kamata a je. Amma ni ba rashin awo ne ya kusa kai ni lahira ba. Naƙudar ɗana na uku ƙarfe biyun dare ta tashi, ana tafka ruwa, maigida na ta buga ƙofar masu adaidaita sahu. Bayan na haihu jini ya ɓalle, aka ce a kawo mai ba da jini, cikin danginmu babu wanda ya san rukunin jininsa. Da sauran shan ruwana ne kawai.

Don Allah 'yan'uwa mata, ciki na shiga wata bakwai ku haɗa jaka: zannuwa, audugar mata, kayan jariri, katin awo a sama. Maigida ya riƙe lambar direba biyu da kuɗin mai, a gwada jinin ƙanne tun da wuri.

Iyayenmu kuma, mai hawan jini a sassauta mata kunun kanwa. Ni dakashi ma, wato nonon farko, sai da muka kai ruwa rana da surukata kafin ta bari yaro ya sha.