Ba guba ba ce, da alama saifa ce ta fashe

Wai guba aka ba ragon nan. Guba! Ragon da adaidaita sahu ya banke da la'asar a gaban idon jama'a, shi ne da ya kwana ya mutu aka koma zargin maƙwabta. Sannunku da aiki, likitocin Facebook.

Babbar hujjarsu ita ce: "Ai da ƙafarsa ya tashi, ko ƙwarzane babu." To sai me? Fata lotsawa take ta dawo, saifa da hanta kuwa tsagewa suke. Saifar rago tana manne da tumbi ta hagu, hanta ta dama, kuma jininsu ba waje yake fita ba, cikin ciki yake taruwa. Rago mai kilo 40 jininsa duka bai wuce lita 3 ba. Lita ɗaya ta zube, rai ya shiga haɗari. Wani sa'in jinin yakan taru ƙarƙashin tantanin saifa, dabba ta ci dusarta har ta yi tuƙa, sai can cikin dare tantanin ya fashe. Don haka ku bar mini maganar "ai ya ci abinci".

Don Allah, in an buge dabbarka, ɗaga leɓe ka duba dasashi, ka buɗe fatar ido. In sun yi fari fat, matsala. Danna dasashin da yatsa: in jan bai dawo cikin daƙiƙa 2 ba, ga kunne ya yi sanyi, ga haki, sai asibitin dabbobi. Kada a yi ɗuren kanwa ko mai. In hanji ne ya huje, ƙara masa dagwalo kake. In kwana ya zagayo ba fitsari, ciki na cika, a zargi mafitsara.

Da an feɗe shi ma da magana ta ƙare. Tsagar da ta faru da rai za ka ga jini ya daskare a bakinta. Wadda iskar kumburin ciki ta yi bayan mutuwa bakinta ba jini. Kowane tsohon mahauci a Abbatuwa ya san wannan. Amma ina, an jefar da mushe a kwata, an riƙe gaba da maƙwabci.

Ni fa har yanzu ban gane mai kiwon da zai zuba kuɗi a rago, igiyar ɗaure shi ta gagare shi ba.