Kafin a fasa soron gidan gado, a tambayi unguwa mana

Jiya da la'asar na shiga cikin gari gaida gwaggona, tun daga bakin titi na ga tifa ta juye yashi, ga bulo an jibge, yara na ta kwasa da baro suna shigewa lungunmu da shi tunda mota ba ta iya shiga. Na bi bayansu har ƙofar gidan da ke kallon namu, gidan nan mai soro biyu da zankaye a kansa da dagi a saman ƙofa, wanda tun ina ɗan makarantar allo nake wucewa ta gabansa safe da yamma. Na tambaya aka ce ai magada sun raba, wanda ya samu ɓangaren gaba zai fasa soron ya fitar da shago biyu, sannan ya zuba dakin, wato rufin kankare, ya ɗora ɗaki a sama. Wallahi sai na ji jikina ya yi sanyi, na shiga wajen gwaggo ma gaisuwar sama-sama muka yi.

Ni fa ban ga laifin bawan Allahn nan ba, gadonsa ne, halalinsa ne, yana da 'ya'ya sun tasa, yana neman inda zai samu ɗan kuɗin haya ya rufa wa kansa asiri. Kuma duk wanda ya taɓa riƙe gidan ƙasa ya san wahalarsa, kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe, sai an duba rufi an gyara indararo, azara ta yi tsada kuma ta ainihi ta giginya sai an sha nema, maginan da suka iya ɗaurin guga da bakan gizo sun tsufa, yaransu sun koma aikin bulo tunda nan kuɗin yake. Duk na san wannan. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ginin da ya girmi kakan kowa a lungun nan za a sa masa diga ranar Asabar, kuma babu mutum ɗaya a unguwar da aka ce dole sai an nuna masa abin da za a yi kafin a fara. Ba mai unguwa, ba maƙwabcin da suka haɗa katanga, ba kowa.

Mu Kanawa in ana maganar tarihi ganuwa muke kira, a ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta tsakanin 1095 da 1134, a kira Muhammadu Rumfa da gidan sarki da kasuwar Kurmi, a kira marinar Ƙofar Mata. Da aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi an yi ta surutu, kuma ya dace a yi. Amma gidajen mutane na Yakasai da Daneji da Mandawari da Koki da Alfindiki da Madabo, su ba a jin ƙarar faɗuwarsu, ɗaya bayan ɗaya suke tafiya, yau an fasa soro an yi shago, gobe an sare zanko an buga kwano, jibi an ci rabin lungu da matakalar bene. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana kare abin da aka ayyana ne a hukumance, irin su ganuwa da Gidan Makama, gidan malam wane na cikin lungu ba ya ciki. Tun 2007 ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita suke jiran shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu. To in ma an wayi gari an karɓe mu, me baƙo zai zo ya gani, Gidan Makama shi kaɗai a tsaye tsakiyar filaza-filaza?

Kuma maganar ba ta kyan gani ba ce kawai, bari in ba ku abin da ya same mu a gidanmu. Shekarun baya wani maƙwabcinmu ya rushe ɗakunansa na ƙasa ya ta da bene, ya rufa kwano, bakin kwanon nan ya leƙo daidai kan katangar ɗakin kakarmu. Da can indararonsa lungu yake zubarwa kamar na kowa, yanzu duk ruwan rufinsa a jikin bangonmu yake sauka. Mu kuma da muka ga bango na zaizayewa sai muka yi abin da kowa ke yi, muka kira mai filasta ya shafe shi da siminti, muna ganin mun huta da yaɓe har abada. Ashe nan muka kashe shi. Ginin tubali yana shan danshi ya fitar da shi in rana ta buga, da ka lulluɓe shi da siminti ka toshe masa hanya, simintin kuma ba ya kama ƙasa da kyau, ya ɗan tsage kaɗan ruwa ya shige ta bayansa ya rasa ta inda zai fita, daga waje ka ga bango sumul alhali ciki ya zama kunu. Damina ta uku cikin watan Agusta da tsakar dare ya zube gaba ɗaya, Allah ya kiyaye ba kowa a ɗakin. Wani tsohon magini da ya zo dubawa ya ɗauki ɓallin filastar ya juya ya nuna min bayanta jiƙe sharkaf, ya ce da an tambaye shi tun farko da makuba zai ce a sa, ko laso irin na da da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima, kuma da zai ce wa maƙwabcin ya sa wa kwanonsa magudana ya karkatar da ruwan. Maganar minti goma ce wallahi, amma ba inda aka tanada da za a zauna a yi ta. Har yau tsakaninmu da mutanen gidan nan gaisuwa ce kawai, bayan a da tuwo ake miƙawa ta kan katanga.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da kowace tsohuwar unguwa a cikin badala za ta samu ɗan kwamiti da za a nuna wa aiki kafin a taɓa fuskar gida ko a ƙara bene ko a canja rufi. Wasu ƙasashen sun daɗe da yin haka. A Amurka garin Charleston tun 1931 ya keɓe tsohuwar unguwarsa ya kafa kwamitin duba gine-gine, kuma abin da ya burge ni a tsarin shi ne abin da mai wucewa ke gani daga titi suke dubawa, abin da ka yi a cikin ɗakinka naka ne. Ba ma sai mun je nesa ba, ga Agadas nan a Nijar, tsohon garin da unguwanninsa 11 da hasumiyar masallacin nan ta ƙasa mai tsawon mita 27 sun shiga jerin UNESCO a 2013, akwai dokar gini ta musamman ga tsohon garin, kuma fadar Sarkin Abzin na da hannu a kula da shi. Mutane ne kamar mu, suna jin Hausa, ginin ƙasa suke ciki, su ma suna son siminti da kwano kamar yadda muke so.

Na san wani zai ce ga shi nan ya ɗauko mana tsarin Turawa. Haba jama'a, ku tambayi malamanku na fiƙihu. Malaman Malikiyya sun yi magana a kan tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, da ruwan rufi da ke zuba a bangon wani, da mai fito da gininsa ya ci hanya, da mai kafa abin da hayaƙinsa ko warinsa zai cuci na kusa. A ƙarni na 14 wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba irin waɗannan rigingimu, littafi guda ya rubuta a kan hukunce-hukuncen gini. Hadisin da ya ce in an yi saɓani a kan hanya a bar zira'i bakwai sananne ne. A nan Kano ma muna da sarkin gini, har unguwa ke akwai mai suna Gini, kuma iyayenmu ba sa ta da katanga mai unguwa bai sani ba. Abinmu ne muka sake shi, yanzu mai kuɗin bulo shi ne alƙalin kansa, ya ɗora bene ya buɗe taga tana kallon matan maƙota suna wanke-wanke, sai dai su rataya buhu ko su daina zama a tsakar gidansu.

Yadda nake hango abin, mai unguwa na ciki, da tsohon magini wanda ya san ƙasa, da limami ko wani malami, da mutum ɗaya mai ilmin zanen gini, ga Jami'ar Bayero ga ta Ahmadu Bello suna yaye su duk shekara, da wakilin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, don takardar ta samu ƙarfi, kuma lallai da mace dattijuwa ta unguwar, don su ne ke wuni a gidajen nan, su suka san inda ruwa ke kwanciya da tagar da ke damunsu. Aikinsu ya tsaya a fuskar gida da tsawon gini da inda ruwa zai bi da faɗin lungu. Daga soro zuwa ciki ba ruwansu, gidan Bahaushe ba a shiga, wanda ke son ya sa tayil a ɗakin matarsa, ya ja famfo, ya yi banɗaki na zamani, ya gyara kicin, ya yi abinsa, in dai sokawe ɗinsa ba zai jiƙa gindin katangar wani ba. Ba wanda ya isa ya ce mace ta ci gaba da girki cikin hayaƙi don a ce ana adana tarihi.

Abin da nake tsoro kuma ba zan ɓoye ba, kar kwamitin ya zama wani sabon shingen karɓar na goro, talaka ya yi wata uku yana zarya a kan ɗaki ɗaya na ɗansa da zai yi aure, mai hali kuma ya ta da bene hawa uku cikin sati biyu ba wanda ya ce masa kanzil. In haka za a yi gara a bar mu yadda muke. A Djenne ta Mali, da ke cikin jerin UNESCO tun 1988, mazauna sun sha kokawa cewa an ɗaure musu hannu a gidajensu, suna son gyara irin na zamani ana ce musu a'a, kuma ina ganin suna da gaskiyarsu. Don haka dubawar ta zama kyauta, a sa mata wa'adi, in sati biyu suka wuce ba a ba ka amsa ba ka ci gaba da aikinka, a rubuta ƙa'idojin da Hausa da ajami a manna a masallacin unguwa kowa ya karanta, wanda bai gamsu ba ya samu inda zai kai kuka wajen hakimi. Kuma in an ce wa mutum kar ya fasa, to a ce masa ga yadda zai yi ya samu shagonsa, a taimaka masa da azara ko da magini, don ba adalci ba ne gari gaba ɗaya ya yi alfahari da soron mutum a bar shi shi kaɗai da kuɗin yaɓe.

Sannan kwamitin nan dole ya iya cewa wannan ginin ya gama, a sauke shi. Ba mu manta da Masallacin Juma'a na Zariya ba, aikin shahararren magini Babban Gwani na shekarun 1830, da wani sashensa ya rufto a kan masallata a watan Agusta 2023 aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu, ga tsohon masallacin Damagaram da ruwan sama ya kayar a Satumba 2024. Ran mutum ɗaya ya fi duk zankayen Kano. Idon da zai hana a fasa soro mai lafiya shi ne dai zai ga wanda ya tsage tun kafin damina ya ce a fitar da yara daga ciki.

Wani abokina da na yi wa wannan maganar a waya ya ce kai da kake zaune a gidan bulo a sabuwar unguwa da fanka da tayil, da wane baki za ka ce wa na cikin lungu ga yadda zai yi da gidansa. Maganarsa ta shige ni, kuma ita ce ta sa na ce 'yan kwamitin su zama mazauna unguwar, irina sai dai mu kawo gudummawa. Mu da muka fita muna da bashi a kanmu, in kowane gida 'ya'yansa da ke waje za su haɗa kuɗin yaɓen shekara da ba a kai ga diga ba a gidaje da yawa.

Kafin in baro unguwar jiya na samu mai gidan bayan magariba, na gaishe shi na ce yaya, don Allah ko za a duba a fitar da shagon ta gefen da ke kallon kwata, tunda can katangar dama ta bulo ce, a bar fuskar soron da daginta, ɗakin saman kuma a ja shi baya ya hau kan sabon gini kar a ɗora wa tubali nauyin dakin. Ya yi shiru can ya ce shi ba wanda ya taɓa kawo masa wannan shawarar, amma ya riga ya ba birkila kafin alƙalami, sai ya yi magana da shi. Gobe in sha Allahu zan ɗauko tsohon maginin nan da ya duba mana bango mu je wajen mai unguwa tare, ko a samu a ɗaga aikin da sati ɗaya a zauna.